Aiki Ɗaya, Sharaɗi Daban: Ko Kotu Za Ta Saurara?

Tambaya: Wata malamar asibitin jiha ta ce shekararta tara tana aikin kwantiragi saboda ba 'yar asalin jihar ba ce, alhali abokan aikinta na da fansho da ƙarin girma. Shin tana da hurumin ƙara?

Amsa: Tana da shi. Sashe na 42 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya hana gwamnati nuna bambanci saboda ƙabila, wurin asali, jinsi, addini ko ra'ayin siyasa. Wurin kai kuka shi ne Kotun Ma'aikata ta Ƙasa.

An ga misali a 2023. Reshen kotun a Akure ya soke ƙa'idar da ke korar 'yar sandan da ta yi ciki ba aure, tunda ba a korar namiji, ya kuma ba matar da ta kai ƙarar diyyar naira miliyan 5.

Sai dai ba kowane bambanci ne wannan sashe ya shafa ba. Tazarar albashi tsakanin ma'aikacin jiha da na tarayya ba ta cikinsa. Don haka malamar ta tanadi takardar ɗaukarta aiki, da shaidar cewa asalinta ne dalili, sannan ta garzaya wurin lauya ko ƙungiyarsu ta ƙwadago.