Yaron Zango da Jan Biro: Darasi Daga Aji Uku a Anloga

Tun kafin hayaniyar motocin trotro ta lafa a mahaɗar Anloga da ke birnin Kumasi na Ghana, malamar aji uku takan buɗe rajista ta fara kiran suna. Sunayen kaɗai sun isa su ba mutum tarihin unguwar. Ga 'ya'yan Ewe, jikokin mutanen Anlo na yankin Volta da suka ba wurin sunansa, ga na Asante masu gari, ga Dagomba da Frafra da Mossi, ga Hausawan zango. Aikin katako ne ya fito da Anloga kafin a mayar da kafintoci Sokoban, amma har gobe unguwa ce ta masu neman na kansu, kuma 'ya'yansu ne ke cika bencin firamaren gwamnati.

Wannan malama ita ce mai wannan rubutu, kuma abin da ya daɗe yana ci mata tuwo a ƙwarya shi ne saurin da ake yi wajen cewa yaron zango ba shi da ƙwaƙwalwa.

Akwai wani ɗan shekara tara da aka kawo mata daga arewa a tsakiyar shekara. Wata uku cur bai ɗaga hannu ba, takardar jarrabawarsa kuwa jan biro ne daga sama har ƙasa. Wata safiya ta tsaya sayen koko a bakin hanya, sai ta tarar da shi yana taya uwarsa ciniki, yana karɓar kuɗi yana ba da canji ba tare da ya duba yatsunsa ba. Da suka shiga aji ta sunkuya kusa da shi ta ce da Hausa, "Kai, in ƙosai uku sidi biyu ne, goma sha biyu fa?" Bai ko numfasa ba ya ce, "Takwas, Madam." Lissafin da ya faɗi a kansa a takarda ke nan. An yi masa tambayar da Turanci, an yi bayaninta da Twi, shi kuwa ba ya jin ko ɗaya.

A nan gizo yake saƙa. Tsarin karatun Ghana ya tanadi a koyar da yaro da harshen gida daga ajin share fage zuwa aji uku, sannan Turanci ya karɓa daga aji huɗu. Harsuna 11 gwamnati ta amince da su: Twi na Asante, Twi na Akuapem, Fante, Nzema, Ga, Dangme, Ewe, Dagbani, Dagaare, Gonja da Kasem. Babu Hausa a ciki, duk da cewa ita ce harshen ciniki da wa'azi da zumunci a unguwannin Kumasi daga Aboabo zuwa Asawase da Sabon Zongo. A watan Oktoban 2025 ministan ilimi Haruna Iddrisu ya sake jaddada koyarwa da harshen uwa. Magana ce mai kyau, sai dai a ajin Kumasi harshen da za a ɗauka shi ne Twi. Gaskiya ne yawancin yaran da aka haifa a nan suna jin Twi na wasa da na kasuwa, amma na littafi daban ne, baƙon da ya sauka jiya kuwa ko na wasan bai samu ba.

Matsalar karatu ba ta zango kaɗai ba ce. Gwajin da aka yi wa 'yan aji biyu a faɗin ƙasar a 2013 da 2015 ya nuna cewa kusan biyu cikin ɗari ne kawai ke karatu tiryan-tiryan tare da fahimta. To ina ga wanda yake fama da baƙin harsuna biyu a lokaci guda?

Rajistar tana nuna wani abin kuma, wato fashi. Yarinyar da ke goyon ƙaninta ranar da uwa ta yi sammakon zuwa kasuwar Kejetia, yaron da aka tafi da shi gaisuwar mutuwa arewa aka dawo bayan mako uku, da wanda aka sa a aji ɗaya yana da shekara tara har kunyar zama cikin ƙanana ta kore shi. Gwamnati ta ɗauke kuɗin makaranta tun 2005, ta kuma fara ciyar da ɗalibai a wasu makarantu a shekarar, amma riga da takalmi da littafin rubutu suna wuyan iyaye. Duk lokacin da malamar ta jera maki kusa da kwanakin zuwa, masu yawan fashi ne ke taruwa a ƙasan takarda, ko da wace ƙabila ce.

Akwai kuma dukiyar da yaran zango ke shigowa da ita wadda jarrabawa ba ta aunawa. A nan in an ce makaranta, ta allo ake nufi, kuma yaron da ya yi shekara biyu gaban malam ya riga ya san cewa harafi sauti ne, ya san haɗa baƙi da wasali, ya saba da hadda. Malamar takan fara daga nan: ta rubuta ba na Larabci a allo, ta ajiye b na boko a gefensa, sai ka ga fuskoki sun washe. Takan kuma zaunar da baƙo kusa da wanda ke jin Hausa da Twi. Da haka mai ƙosan nan ya fara haɗa kalmomi kafin shekara ta ƙare.

Iyaye, ranar da za ku kai yaro ku gaya wa malami harshen da ake yi a gida da inda ya kai a allo. Ku sa shi ajin share fage yana da shekara huɗu, kada ku jira ya girma. In an kira taron iyaye ku je, ko da tafinta za ku nema. Sarakunan zango da limamai kuma, ku haɗa baki ku nemi hukumar ilimi ta shigar da Hausa cikin harsunan koyarwa.