Darasi: Kifi mai kan ƙadangare

A tekun ƙasar Tailan, can Asiya, akwai wani kifi mai kai irin na ƙadangare. Kan rairayin ƙarƙashin ruwa yake zama. Jirage suna jan babbar koma mai ƙananan idanu, ta kwashe shi da sauran kifaye, manya da ƴaƴa.

A shekarar 1961, jirgi yana samun kifi iri-iri kusan kilo 300 cikin awa guda. Bayan shekara 30, ko kilo 50 ba ya samu.

Mi ya sa? Jirage sun yi yawa. Ana kama ƴaƴan tun ba su yi ƙwai ba.

Maganinsa: koma mai manyan idanu, da hutu lokacin ƙwai.

Tambaya: manomin da ya cinye iri, mi zai shuka baɗi?