Matakan Zama Dillalin Motoci Mai Lasisi a Nijeriya

Sayar da motoci sana'a ce mai riba, amma duk wanda ya shige ta ba da cikakkun takardu ba, yana iya rasa jarinsa baki ɗaya a rana guda. Dokokin sana'ar sun sauya sau da yawa, sai dai abu guda bai sauya ba: lasisin dillali ba takarda ɗaya ba ce, takardu ne daga hukumomi dabam-dabam, kuma kowace tana dogara da wadda ta gabace ta.

Mataki na farko shi ne rajistar kasuwancin a Hukumar Rajistar Kamfanoni, wato CAC, wadda aka kafa a 1990. Mutum yana iya yin rajistar sunan kasuwanci kawai, ko kuma ya kafa kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta yarje wa mutum ɗaya ya kafa ƙaramin kamfani shi kaɗai. Amfanin kamfani shi ne, idan bashi ya taso, a bisa ƙa'ida dukiyar kamfanin ake bi, ba gidan mai shi ba. Daga nan sai a karɓi lambar biyan haraji.

Mataki na biyu shi ne rajista da sashen SCUML na Hukumar EFCC. Dokar hana halatta kuɗin haram ta 2022 ta sa dillalan motoci cikin masu sana'o'in da wajibi ne su san abokin cinikinsu, su kuma adana bayanin kowane ciniki. Dokar ta hana karɓar tsabar kuɗi fiye da Naira miliyan 5 daga mutum, ko miliyan 10 daga kamfani, sai ta hanyar banki. Bankuna kan nemi wannan takardar shaida kafin su buɗe wa dillali asusun kasuwanci.

Na uku shi ne lasisin jihar da za a yi cinikin. A Jihar Legas, hukumar kula da harkokin motoci ta MVAA ce ke bayar da shi, kuma akan sabunta shi. Mai nema yana buƙatar tsayayyen filin ajiye motoci mai adireshi. Da wannan lasisi ne ake neman lambar mota ta dillalai, wadda ake ɗaura wa motar da ba a yi mata rajista ba tukuna. Shiga Ƙungiyar Dillalan Motoci ta Nijeriya, AMDON, yana taimaka wa sabon shiga ya san halin kasuwa.

Inda aka fi yin asara kuwa shi ne wajen kwastan. Daga 1 ga Janairu, 2017, gwamnati ta hana shigo da motoci ta kan iyakokin ƙasa, abin da ya mayar da cinikin 'yan Kwatano zuwa tasoshin jiragen ruwa irin su Tin Can da ke Legas. A watan Satumba na 2019, jami'an kwastan sun rufe wuraren sayar da motoci masu yawa domin binciken kuɗin fito. A 2022 kuma hukumar ta soma ƙiyasta kuɗin fito bisa lambar ƙirar mota, wato VIN.

Saboda haka, kafin dillali ya biya kuɗin kowace mota, ya kamata ya gwada lambar da ke jikinta da wadda ke takardar kwastan, ya kuma tabbatar a ofishin hukumar cewa an biya fiton cikakke. Motar da aka yi fasa-ƙwaurinta ana ƙwace ta ko a hannun wa aka same ta, mai saye kuma wurin dillali zai dawo neman kuɗinsa.