Kalmar "Jijiya" da Horar da Masu Ɗaukar Hoto a Asibiti

Gabatarwa

Manufar wannan ɗan nazari ita ce nuna yadda kalma guda ta Hausa ke iya shafar lafiyar majiyyaci. Za mu ɗauki misali daga horon da ake ba masu ɗaukar hoton cikin jiki game da sanya kanula, wato ɗan siririn bututun roba da allura ke yi wa jagora zuwa cikin jijiya.

Dalilin Horon

Tun 1895 da Röntgen ya gano hasken da ke ratsa tsoka a Jamus, ƙashi ne ya fi fitowa sarai a hoto. Ƙoda da mafitsara kuwa sai an ɗura wa mutum wani ruwa mai sinadarin aidin kafin hanyar fitsari ta bayyana. Wannan ya shafe mu ƙwarai a ƙasar Kabi. Masunci a Argungu da manomin shinkafa a fadamar Rima suna wuni cikin ruwa, inda ake kamuwa da tsargiya. Idan cutar ta daɗe, takan ɓata mafitsara, ta toshe hanyar fitsari, har ƙoda ta kumbura. Irin wannan majiyyaci, in aka turo shi Birnin Kebbi ɗaukar hoto, bai kamata ya wuni yana jiran likita don allura kawai ba. A Nijeriya, hukumar da aka kafa a 1987 ce ke yi wa masu wannan sana'a rajista.

Matsalar Kalma

Bahaushe yana kiran abubuwa huɗu da suna ɗaya: jijiyar da ke fitar da jini daga zuciya, da wadda ke mayar da shi, da wadda ke kai saƙon ji da motsi, da kuma wadda ke ɗaure tsoka da ƙashi. Kanula kuwa ta biyun kaɗai take shiga, galibi a lanƙwasar gwiwar hannu, inda sauran ke kusa. Saboda haka dole mai koyo ya bambance su. Mai fitar da jini tana harbawa in an taɓa. Mai mayarwa ba ta harbawa, takan cika in an ɗaure dantse. Mai kai saƙo kuwa, in allura ta same ta, zafi ne ke tsarga hannu kamar wutar lantarki.

Bugu da ƙari, wajibi ne ya iya bayani da harshen majiyyaci: "Baba, za ka ji ɗumi ya ratsa jikinka, kada ka tsorata. Amma in hannun ya kumbura, ko numfashi ya yi maka wuya, gaya mini nan take." Kumburi alama ce ruwan ya zuba a tsoka, ƙuncin numfashi kuwa jiki ne ya ƙi maganin, kuma yana iya kisa.

Kammalawa

Ashe horon hannu bai wadatar ba sai da na baki. Ya rage ga ɗaliban Hausa su zauna da ma'aikatan asibiti, su tsayar wa kowace jijiya sunanta.