Yadda Waya Za Ta Taimaki Ma'aikacin Da Karatu Ke Ba Shi Wahala

A shago ko ofis za ka samu ma'aikacin da ya iya aikinsa sarai, amma da an tura masa dogon saƙo sai ya rikice, ko ya yi ta kuskure a rubutu. Maigida sai ya ɗauka sakaci ne, wani lokaci har ya sallame shi. Mai yiwuwa abin da ke damunsa disleksiya ce, wato ƙwaƙwalwarsa tana shan wahalar haɗa haruffa da sautinsu. Ba ƙarancin basira ba ne, kuma mutum yana girma da ita. A Birtaniya an ƙiyasta cewa mutum 1 cikin 10 yana da ita.

Wayar da ke hannunsa za ta iya rage masa wannan nauyi ta hanyoyi uku.

1. Waya ta karanta masa saƙo
A Android, shiga Settings, sai Accessibility, ka kunna Select to Speak. Idan babu, sauke Android Accessibility Suite daga Play Store. Daga nan duk rubutun da ya taɓa, wayar za ta furta shi. A iPhone, shiga Accessibility, ka nemi Speak Screen ka kunna shi. Da ya ja yatsu biyu daga saman allo, karatu zai fara. Muryar ta fi ƙwarewa a Turanci.

2. Ta karanta masa takarda
Rasit ne ko takardar umarni, ya buɗe Google Lens ya ɗauki hotonta, ya zaɓi rubutun, ya danna Listen.

3. Ya yi magana, ta rubuta
A Gboard akwai alamar makirufo a saman madannai. Tun 2024 Google ta saka Hausa cikin harsunan da yake rubutawa da murya. Ya gama, sai ya sa wayar ta karanta masa kafin ya tura, don kunne ya kama abin da ido ya tsallake.

Idan kai ne maigida, ga naka aikin. Tura umarni da saƙon murya a WhatsApp, sannan ka bi shi da gajeren rubutu, aiki ɗaya a layi ɗaya. Lambar asusu da ta waya, tura ta yadda zai kwafa ya manna, kada ya sake bugawa da hannu. A takarda, yi amfani da Arial mai girman 12 zuwa 14. Kada ka sa shi karatu a gaban jama'a ba shiri.

Kuma ka yi maganar da shi ku biyu, ba a gurup ba. Tambaye shi wace hanya ta fi masa sauƙi, domin shi ya san inda yake makalewa. Sai mun haɗu a darasi na gaba.