Yadda Ake Tsara Sakin Layi a Katin Ɗaurin Aure a Lome

Daga Baguida, garin bakin teku da ke gabas da Lome, har zuwa unguwannin Zongo, katin ɗaurin auren Bahaushe yakan ɗauki harshe uku: Larabci a sama, Hausa a tsakiya, Faransanci a ƙasa saboda maƙwabta da abokan kasuwa. Gwanintar mai zane ita ce ya zaunar da su a fallen A5, milimita 148 a faɗi, 210 a tsawo, ba tare da sun cakuɗe ba.

Manhajar da ta yi suna a shagunan buga takardu ita ce CorelDRAW, wadda kamfanin Corel na Kanada ya fitar a 1989. Da farko mai zane zai danna F8, ya ja akwatin rubutu, kowane harshe da akwatinsa. In ya fara rubutu bai ja akwati ba, layin zai miƙe sambal har ya wuce gefen takarda. Ctrl da F8 ke mayar da shi sakin layi.

Sai zaɓen haruffa. Ba kowane salo ke da ɓ da ɗ da ƙ ba, kuma in babu su, ɗan murabba'i ne zai fito a tsakiyar sunan amarya. Charis SIL da Noto Sans suna da su duka. A Lome akwai ƙarin tarko: harshen Ewe yana da ɖ mai wutsiya a ƙasa, ita kuwa ɗ ta Hausa lanƙwasarta a sama take. Ido mai sauri yakan ɗauki ɗaya a madadin ɗaya.

Daga nan sai jeri. Sunayen ango da amarya a tsakiya ake sa su. Bismillah kuwa sai an juya alƙiblar akwatinta daga dama zuwa hagu. A siririn akwati ba a daidaita gefe biyu, domin manhajar za ta buɗe wawakeken giɓi tsakanin kalmomi.

Tazara ma da lissafinta. Gwani ba ya danna Enter sau biyu don raba sakin layi. Yakan sa adadin tazarar a ma'aunin bayan sakin layi, ya ɗan buɗa tsakanin layuka, musamman na Larabci, kada wasulla su hau juna. A Faransanci ana barin fili kafin ɗigo biyu, don haka yakan duba kada su faɗo farkon layi su kaɗai. In gefen akwati ya koma ja, wani rubutu ya ɓuya a ƙasa, sau da yawa ranar biki ko sunan masallaci.

A ƙarshe zai buga gwaji ɗaya a farar takarda, waliyyin amarya ya karanta sunaye ɗaya bayan ɗaya. In ya ce madalla, mai zane zai ajiye kwafin da za a iya gyarawa, ya danna Ctrl da Q rubutun ya zama zane, sannan ya fitar da PDF ya tura wa mai inji.