Mu Koyi Rainon Tsiron Inuwa

A darasin Bayoloji mun haɗu da wani tsiro mai ganye kamar gashin tsuntsu, sunansa fan. Ba ya fure, ba ya 'ya'ya. Ɗige-ɗigen da ke bayan ganyensa ba cuta ba ce, da su yake yaɗuwa.

Ɗan kurmi ne, ya saba da inuwa da laima. Mu kuwa a Katsina, damina daga Yuni zuwa Satumba ce, sai hunturu, sai zafin Afrilu da kan kai digiri 40. To, yaya za mu raine shi?

1. Mu sami tukunyar ƙasa mai huda a gindi, mu zuba rairayi da ruɓaɓɓen ganye.
2. Mu ajiye ta ƙarƙashin bedi, inda rana ba ta dukanta.
3. Ƙasar ta zauna da danshi, amma kada ruwa ya kwanta, don saiwa za ta ruɓe. Ruwan alwala ma ya isa.
4. Da hunturu mu riƙa yayyafa wa ganyen ruwa.
5. Da damina mu raba saiwar biyu, mu sami sabon dashe.

Kafin mu tafi hutu, mu damƙa shi hannun mai ba shi ruwa. Ƙishin mako guda da bazara na iya ɓata wahalar shekara.